Akwatin Sekove

Surukina Apakuki mutum ne mai yawan godiya, har abin yakan gundure ni. Ko ruwan zafi ka ba shi da ganyen lemo, babu sukari babu biredi, sai ya karɓi kofin da hannu biyu ya gode maka, ya gode wa wanda ya tsinko ganyen, ya gode wa wanda ya hura wutar, alhali duk mutum ɗaya ne. Kullum da safe, da an buga gangar coci, zai zaunar da mu a tabarma, ni da ɗana Kitione, kowa ya faɗi abin da yake gode wa Allah a kai kafin a karya. Shi ke farawa, kuma bai taɓa rasa abin faɗa ba. Yau gwiwarsa ta ƙyale shi ya yi barci, gobe kazarsa ta ƙyanƙyashe. Ni dai sau da yawa nakan ce na gode da muka wayi gari, in ja bakina in yi shiru.

Sunana Torika, amma ban taɓa jin sunan a bakinsa ba. Maman Kiti yake kirana, ni kuma in ce masa Momo, kamar yadda matar ɗa take kiran uban mijinta a wurinmu.

Gidan da na yi aure gidan soja ne tun asali. Mahaifin Momo, marigayi Peniasi, ya yi yaƙin Jafanawa a dazukan Solomon. Momo kansa ya je Labanon aikin kiyaye zaman lafiya ba sau ɗaya ba, ya dawo da muƙamin saja da mataccen kunne, don bam ya tashi dab da shingen da yake gadi. Sai mijina Sekove, ɗansa tilo. Shi ma ya sa kakin sojan Fiji, ya je hamadar Sina aikin kiyaye zaman lafiya ya dawo lafiya. Amma albashin bai riƙe gida ba, sai ya ajiye aiki ya bi wani kamfani mai kwasar tsofaffin sojoji zuwa Iraƙi, su riƙa raka ayarin manyan motoci. Lokacin Kitione ko haƙori bai fitar ba.

A akwatin ƙarfe aka dawo mana da shi, an liƙe bakin da walda. Waɗanda suka kawo shi suka ce kada a buɗe. Na yi kuka, na yi birgima, na ce ko yatsan ƙafarsa a nuna mini in tabbata shi ne. Momo ya zo ya durƙusa kusa da ni, abin da suruki ba ya yi, ya ce, "Maman Kiti, na taɓa rufe irin wannan akwatin da hannuna. Ki bar shi yadda yake. Ki riƙe fuskar da kika sani." Daga nan ya tashi ya ɗauko saiwar yangona, wadda ba a karɓar baƙi na girma sai da ita, ya miƙa wa mutanen kamfanin, ya tafa hannu, ya gode musu da suka kawo masa ɗansa har gida. Na daɗe ban yafe masa wannan godiyar ba.

Muka binne Sekove kusa da kakansa, a maƙabartar da ke bayan babban dutse, ƙarƙashin itatuwan kwakwa. Abin da kamfanin ya aiko muka gina gidan siminti da shi a bakin gaɓa, wanda babu kamarsa a ƙauyenmu na Daliwai.

Kowace shekara ranar sha ɗaya ga Nuwamba, ranar tunawa da sojoji, Momo yakan goge lambobin yabonsa da toka da lemon tsami, ya jera su a ƙirjin tsohuwar kwat ɗinsa, ya ɗaura baƙin zanensa na fita, ya nufi kwale-kwalen da ke zuwa gari. A hanya kullum sai Nei Makelesi ta tare shi. Tsohuwa ce, taubashiyarsa, babu abin da ba sa faɗa wa juna.

"Saja Kurma!" za ta ƙwala masa. "Ina za a da kwat mai warin kyankyaso? Neman aure za ka?"

Sai ya juyo mini da kunnen kirki. "Me ta ce?"

"Na ce Allah ya sa a garin akwai makauniyar da za ta karɓe ka!"

"Maman Kiti, gaya mata da ina son tsohon kwale-kwale mai yoyo, da tuni na tsaya a ƙofarta."

Ta tuntsire da dariya, sannan ta rataya masa sarƙar furannin da ta tashi tun asuba ta kitsa dominsa.

A gari ake busa bigila, a yi shiru, a karanto sunayen 'yan lardinmu da suka sa kaki suka riga mu gidan gaskiya. Ana kiran Peniasi. Ba a kiran Sekove. Sau ɗaya Momo ya taɓa tambaya, wani hafsa ya ja shi gefe cikin ladabi ya ce ai Sekove ma'aikacin kamfani ne lokacin da ya mutu, ya riga ya tuɓe kaki. Momo ya ce ya gode da bayani. Tun daga wannan shekarar, idan ya sauka daga kwale-kwale ba ya shiga gida sai ya zarce maƙabarta. Zai ƙame a gaban kaburburan nan biyu, ya sara, ya kira sunayensu da muƙamansu da ƙarfi, irin ƙarfin muryar wanda ba ya jin kansa. Har a bakin murhu nakan jiyo shi.

Teku kuwa ba rana ɗaya ta cinye mu ba. Da farko layin kwakwar gaba ta kayar. Sai gishiri ya shiga gonakin gwaza, ganyen ya riƙa yin rawaya tun bai kai ko'ina ba. Sai ya zama idan ruwa ya cika muna tattare zane kafin mu shiga coci. Gidanmu na siminti ya tsage daga ƙasa har taga, ƙaguwa suka fara haƙa rami a ɗakin da na haifi Kitione. Daga ƙarshe gwamnati ta yanka mana fili a kan tudu, ta kafa gidajen kwano a jere, muka kwashe tabarmi da tukwane muka hau. Matattunmu muka bari a ƙasa.

Bayan guguwar da aka yi a farkon wannan shekarar da nake ba da labari, mata masu tsintar koɗi a bakin teku suka fara cin karo da ƙasusuwa a cikin yashi. Layin kaburburan gaba ya tafi. Mai gari ya tara mu ya ce kowane gida ya je ya tono nasa ya hau da su tudu tun da sauran dama. Magana mai sauƙi a baki. Wa zai yi tonon? Samarin Daliwai wasu na tsinkar 'ya'yan itace a Ostireliya, wasu na otal-otal, wasu na sojan Ingila. Ƙauyen ya koma na tsofaffi da mata da yaran makaranta.

Mu muna da Kitione, amma shi ma ƙafarsa ɗaya na waje. Sojan Ingila sun ɗauke shi, an ce ya taso a tsakiyar Nuwamba. Ranar da ya gaya mini ina cikin kankare kwakwa, na ajiye na dube shi.

"Gidan nan ya ba da mutum uku. Bai isa ba?"

"Nana," ya ce, don haka ake kiran uwa a wurinmu, "to me zan zauna in yi? Gwaza ta ƙi, kifi ya yi nisa. In zauna in riƙa shan yangona da tsofaffi har in tsufa?"

"Ka je Ostireliya kamar sauran. Lemo ba ya harbin mutum."

"Wata shida su koro ka ka dawo kamar ba ka je ba. Wannan aiki ne na gaske. Ba kamfani ba ne, Nana, soja ne. Ko wani abu ya faru, za a kira sunana."

Ban san lokacin da hannuna ya sauka a kumatunsa ba. Bai motsa ba, bai kuma janye maganar ba.

Na samu Momo a inuwa yana ɗinke tarun kifi, na zauna nesa kaɗan, na sunkuyar da kai. Na ce, "Momo, ku hana shi. Maganarku kawai yake ji."

Ya daɗe yana jan zare kafin ya amsa. "Da wane bakin? Tun yana rarrafe yake wasa da lambobina. Ni na koya masa sarawa." Ya ƙulle zaren ya ciza. "In na ce kada ya je, sai in ba shi me?"

Washegari a wurin addu'a ya gode wa Allah da ya ba jikansa lafiyar da likitocin soja ba su sami abin kushewa ba. Da aka zo kaina, na ce yau ba ni da abin faɗa. Ya juyo da kunnensa, na maimaita da ƙarfi. Sai ya rufe addu'a.

Masunta suka duba wata suka ce ranar da teku za ta fi janyewa kafin ruwan sama ya kankama ita ce sha ɗaya ga Nuwamba. Maƙabartar kuwa yanzu ba a isa gare ta sai ta bakin ruwa, a zagaye dutse, don tsohuwar hanyar ta rufta. Idan ruwa ya dawo, babu fita. Na ɗauka Momo zai ce a ɗaga, tunda bai taɓa fashin zuwa gari ba. Sai ya ce, "A'a. Bana a gida za a yi faretin."

Da safe ya fito cikin kwat da lambobi, da shebur a kafaɗa. Nei Makelesi ta biyo mu da ƙunshin sabon ƙyallen ɓawon itace na naɗe ƙashi, tana dogara sanda.

"Kai dai ba ka da kunya," ta ce masa. "Wa ya taɓa haƙa rami da kwat?"

"Ke wa ya gayyato ki? Ki yi hankali kada a ga rami a buɗe a ce ai naki ne."

"Sai na binne ka tukuna, Saja. Na yi wa uwarka alkawari."

Mu huɗu ne. Wasu gidajen ma sun sauko, amma kowa na fama da nasa, dattijo ɗaya da mata biyu a kan kabari, babu mai hannun ara wa wani. Teku ta janye can nesa, ta bar taɓo mai sheƙi da warin ruɓaɓɓen ganye. Momo ya zauna a ƙasa, ya ajiye yangona a tsakanin kaburburan, ya tafa hannu, ya nemi gafarar masu barci. Ya ce ba don raini za a tashe su ba, gida ne ya koma sama, an zo a tafi da su. Ya gode wa mahaifinsa da ya yi masa suna mai kyau. Ya gode wa ɗansa da ya rufa musu asiri da gida. Sannan ya ce Kitione ya fara.

Da na Peniasi aka fara, don shi ne babba. Kitione ya fasa simintin da diga, muka riƙa kwashe yashi, ni da kwano, Momo da shebur. Ba mu kai gwiwa ba ruwa ya fara tsattsafowa. Muna kwalfewa yana dawowa. Kitione ya shiga har ƙugu yana lalube da hannu, ya lalube kusurwa huɗun nan, ya ɗago ya dubi kakansa, wanda yake kira Tukai.

"Tukai, babu komai. Ko katako babu."

"Ka ƙara ƙasa."

Ya ƙara. Baƙin taɓo kawai yake fitowa. Teku ta daɗe tana shiga ta ƙarƙashi tana ɗiba ba mu sani ba. Momo ya tsaya a bakin ramin yana kallo. Nei Makelesi ba ta yi masa ba'a ba. Ta shimfiɗa ƙyallenta ta ce, "Ɗebo mini taɓon wajen kai, Kiti. Jikinsa ne ya narke a ciki." Ta naɗe shi kamar jariri, ta ɗaure.

Muka koma na Sekove. Rana ta yi sama, na duba teku na ga farin layin kumfa ya daina ja da baya. Muna tsakiyar aiki Momo ya dubi agogonsa ya ce a tsaya, lokacin da ake yin shiru a gari ya yi.

Na ce, "Momo, ruwa ya juyo."

"Ya jira."

Ya gyara kwat ɗinsa da ta ɓaci da taɓo, ya haɗa dugadugai. Kitione ya fito daga rami ya tsaya a gefensa, tsayuwarsu iri ɗaya, har yadda suke ɗaga haɓa. Na kau da fuskata. Mutanen sauran kaburbura ma suka ajiye kayan aiki suka miƙe. Babu bigila, sai kukan tsuntsayen teku. Ban taɓa jin shiru mai tsawo irin wannan ba, ni ina tsaye ina kallon ruwa yana lasar duwatsun can ƙasa. Sannan Momo ya kira sunayen, ya sara, ya ce a ci gaba.

Ba da jimawa ba shebur ya yi ƙara a kan ƙarfe. Na matso bakin ramin. Kitione ya share saman da hannu, sai ga akwatin, yadda na san shi, sai dai ya yi ja da tsatsa. Shi yana nan. Nei Makelesi ta ce, "To, Allah mun gode." Har ni sai da na ce amin.

Muka haƙe gefe da gefe, Kitione ya zura igiya ta ƙarƙashi, muka kafa gungumen kwakwa a bakin ramin don igiyar ta bi ta kai. Muka ja. Ko gezau. Shekarun baya maza shida suka sauke shi ba tare da nishi ba, yanzu ya zama kamar an dasa shi. Kitione ya sake sauka ya duba, ya ce tsatsa ta huda gefen, yashi da ruwa sun cika shi taf.

"Ina hujin?" na tambaya.

Ya nuna mini. Na sauka cikin ramin, ruwa har cinyata, na sunkuya. Hujin zai ɗauki hannun mutum. Shekara da shekaru ina son in ga abin da ke cikin akwatin nan, ga shi ƙofa ta buɗe da kanta. Na leƙa. Duhu ne da ruwa. 'Yan ƙananan ƙaguwa biyu suka fito suka bi ta kan ƙarfen suka faɗa taɓo. Na kai hannu har bakin hujin, yatsuna suka taɓa tsatsar, na kasa. Na ɗago, muka haɗa ido da Momo a sama. Bai ce in sa ba, bai ce kada in sa ba. Na fito.

Wani dattijo maƙwabcinmu ya bar nasa aikin ya zo ya kama mana. Kitione ya sa ƙarfe ya ɗaga gefen kai, mu muna ja. Akwatin ya motsa. Ya ɗago kamar taƙi guda, ruwa baƙi ya riƙa bulbulowa daga hujin.

"Ku ja!" Momo ya daka tsawa irin ta fareti. "Ku ja, ya taso!"

Ya naɗe igiyar a hannu ya jingina da baya da dukan ƙarfinsa. Sai na ji igiyar ta yi nauyi a hannuna, ta zame, akwatin ya koma da ƙara. Na juya na ga Momo a zaune a taɓo, ƙafa ɗaya a miƙe. Na ɗauka santsi ne ya kwashe shi.

"Tashi mana, rago," in ji Nei Makelesi. Sai ta matsa ta dubi fuskarsa, ta saki sandarta. "Apakuki! Kai, Apakuki!"

Ban taɓa jin ta kira sunansa ba sai ranar. Bakinsa ya karkace, miyau na zuba a kan lambobin, hannun damansa ya faɗi kamar ba nasa ba. Idonsa a buɗe, yana kan ramin.

Lokacin ruwa ya riga ya iso idon sawunmu. Sauran mutane sun fara tattara abin da suka samu suna gudu wajen dutse. Dattijon ya ce in ba mu wuce yanzu ba, sai dai mu kwana a kan itace. Kitione ya dubi kakansa, ya dubi akwatin, ya dube ni. Yaro ne mai ƙarfi, amma bayansa ɗaya ne.

"Nana..."

Idona na kan akwatin. Nei Makelesi ce ta ce, "Ɗauki mai rai, ɗan nan. Me kake jira?"

Ya goya shi. Ni na tsaya a bakin ramin ina kallon ruwa yana gangarawa ciki ta gefen teku, yana rufe jan ƙarfen a hankali. Na ce zan ɗaure igiyar a jikin kwakwa don gobe. Na ɗaure, na ƙara ƙulli, na ƙara wani. Tsohuwar ta damƙo zanena ta baya.

"Torika, in kin tsaya ni ma na tsaya, kuma ban iya iyo ba. Ki zaɓa."

Muka zagaya dutsen ruwa na dukan ƙirjinmu, ita ta ɗora ƙunshin taɓon Peniasi a ka, ni ina riƙe da ita. Kitione na gaba, kan kakansa na lilo a kafaɗarsa.

A ranar aka sa Momo a kwale-kwale zuwa asibitin gari, Kitione ya bi shi. Da safe da ruwa ya janye na sauka ni kaɗai. Ramin da muka haƙa shi ya ba teku ƙofa. Gaɓar gaba ɗaya ta zabtare, itacen kwakwar da na ɗaure igiya ya kwanta, saiwoyinsa a sama. Inda kaburburan suke ya zama shimfiɗaɗɗen yashi, sumul, kamar ba a taɓa binne kowa ba. Na bi igiyar da hannu har ƙarshenta, na tarar ta tsinke. Kwanaki muna zuwa da mai gari da wasu mata, muna caka dogon ƙarfe a yashi ko za mu ji ƙara. Ba mu ji ba. Masunta suka ce abu mai nauyi haka ba ya tafiya nesa, nutsewa yake yi. Wannan bai rage mini komai ba.

Asibiti suka ce shanyewar ɓarin jiki ce, babu abin da za su ƙara, a kai shi gida. Aka dawo da shi a kan katifa, baki ya tafi, sai wani gurnani da ba a gane kansa. Kitione ya buga waya ya nemi a ɗaga masa tafiya, aka ce in ya bari wannan ta wuce, sai dai ya sake nema daga farko, kuma babu tabbas. Ya zo yana gaya mini kamar mai neman izini. Na ce ya je. Na gaji da hana abin da ba ya hanuwa.

Ranar tafiyarsa ya sa farar riga, ya shigo da rarrafe ya zauna a gaban katifar, ya ajiye yangona, ya yi sallama yadda ake yi. Ya ce, "Tukai, zan tafi. Ba zan ba ku kunya ba." Ya sunkuya ya sumbaci goshinsa.

Sai hannun hagun Momo, mai sauran rai, ya taso ya kama wuyan hannun yaron. Muka ɗauka albarka zai sa masa. Amma bai saki ba. Ya riƙe, jijiyoyin hannunsa suka miƙe, yana gurnani, idonsa na zubar da ruwa ta gefe ɗaya. Kitione ya ce, "Tukai, kwale-kwale na jira." Ya ƙara damƙewa. Yana girgiza kai, iyakar yadda wuyan zai iya.

"Sake shi mana, Saja," in ji Nei Makelesi daga bakin ƙofa. "Ko so kake ya tafi da kai a jaka?" Tana ƙarasawa ta ja gefen zane ta toshe baki.

Mai kwale-kwale ya aiko a karo na biyu. Kitione ya dube ni, na kau da kai. Da kansa ya ɓamɓare yatsun kakansa, ɗaya bayan ɗaya, ya kwantar da hannun a kan bargo, ya fita bai waiwaya ba. Ban raka shi bakin ruwa ba. Na zauna ina goge wa tsohon baki har ƙarar injin ta ɓace.

Daga nan sai jinya. In juya shi, in wanke shi, in ɗura masa kunun rogo da madarar kwakwa da cokali. Da safe in an buga ganga sai ya kafe ni da ido, ba ya ɗaukewa sai na shimfiɗa tabarma kusa da shi na yi addu'ar. Ni ke faɗin nawa, in faɗi nasa. In ce mun gode da ya haɗiye kunu jiya bai ƙware ba. Mun gode da ruwan sama ya cika tanki. Mun gode da Kitione ya sauka lafiya, ya ce sanyi ne kawai ke damunsa. Wani lokacin ina faɗa ina jin kamar bakin wata ne. Shi dai yakan lumshe ido idan na gama, ban sani ba ko amin yake nufi ko gajiya.

Bai kai Ista ba. Ya cika da rana tsaka, Nei Makelesi na zaune a gefensa tana yi masa fifita tana zaginsa a kan ya bar mata aiki. Muka sa masa kwat ɗinsa, wadda taɓon bai gama fita daga jikinta ba duk wankin da na yi. Shi ne mutum na farko da aka haƙa wa sabon kabari a kan tudu, cikin jar ƙasa mai tauri da sai da ta karya ƙotar diga. Ƙunshin taɓon mahaifinsa muka sa masa a gefe. Tsofaffin sojoji biyu suka zo daga gari, ɗaya da sanda, suka sara masa. Mai gari ya ɗaga waya sama don Kitione ya gani daga bariki, amma layin ya riƙa yankewa, har aka mayar da ƙasa bai ga komai ba sai sararin sama da ƙafafun mutane.

Yanzu Nei Makelesi ta dawo ɗakina da kwana, don ta ce gidanta ya yi mata faɗi. Ba ta da abokin faɗa, ta rage magana. Kitione yakan kira ranar Lahadi in an ba su dama. Wancan makon ya ce sun gama horo, za a tura su wata ƙasa, amma an hana su faɗin sunanta. Ya tambaye ni ko teku ta fito da akwatin babansa. Na ce ba ta fito da shi ba. Sai ya ce ana kiransu, zai sake bugowa.